Waƙar da Malam Ya Kasa Karantawa a Gaban Iyaye: Nazarin Abin da Ya Faru a Ajin Rawa na Wata Firamaren Ƙauye

Makarantar da wannan lamari ya faru a cikinta firamare ce da ke wani gari a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ta jihar Kano. Ba zan ambaci sunanta ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba, domin akasarinsu suna nan, kullum ana haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Ni ne sakataren kwamitin kula da makarantar, saboda haka duk zaman da aka yi a kan maganar da ni aka yi shi, kuma takardun suna hannuna. Tambayar da ta taso ita ce ko ya dace a koya wa yara rawar hip hop da waƙoƙin da ke ɗauke da batsa. Duk wanda aka yi wa wannan tambaya a ƙasar Hausa zai ce a'a tun kafin a rufe baki, amma mu da abin ya faɗo wa sai da muka yi makonni muna kai-kawo kafin mu gane ta inda ɓarnar ta shigo da kuma abin da za a iya cetowa.

Yadda ajin ya fara

An turo mana wani matashi ɗan bautar ƙasa, Bahaushe haifaffen Jos, aka ba shi darasin motsa jiki da kiwon lafiya, aka haɗa masa da darasin al'adu da fasaha, wanda a manhajar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa ya ƙunshi kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce dattijo bai rusuna ba, kuma ba a taɓa nemansa a sahun sallah an rasa ba. Tun yana jami'a ya iya rawar hip hop, irin wadda ake dafa ƙasa da hannu ɗaya a ɗaga ƙafafu sama, ko a juya a kan kafaɗa kamar katantanwa. Wata rana a filin motsa jiki ya ɗan gwada wa yara kaɗan daga ciki, daga ranar kuwa ba su sake barinsa ya huta ba. Da aka fara shirin bikin yaye 'yan aji shida, sai ya nemi izinin hedimasta ya horar da wasu yara su yi wasa a wurin bikin. An ba shi izini bisa sharaɗin cewa maza ne zalla, kuma ba za a taɓa lokacin karatu ba.

Ya zaɓi yammacin Alhamis, ranar da makarantun allo suke hutu, kuma yara 18 ne suka ba da sunayensu, ƙaraminsu yana da shekara 8, babbansu 12. A ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan ofishin hedimasta suke taruwa. Malamin yakan shimfiɗa kwalayen da ya roƙo a wurin mai shagon kayan masarufi don kada tsakuwa ta ji wa yara ciwo, ya ɗora 'yar sifikarsa mai Bluetooth a kan bulo, wadda tun da safe ake kai ta wurin mai caji a bakin kasuwa. Yadda yake koyarwa shi ne ya gutsuro gaɓa ɗaya ta waƙa, wadda ba ta wuce rabin minti ba, ya raba ta ƙidaya takwas-takwas, ya ɗora wa kowace ƙidaya motsinta, sannan a yi ta maimaitawa. Idan yaro ɗaya ya kuskure, sai a mayar da waƙar baya a sake. A yammaci ɗaya sai a ji gaɓar nan sau ashirin ko fiye.

Adalci ne in faɗi cewa ajin ya yi amfani. Yaran da ake fama da su a kan fashin makaranta sun daina, domin malamin ya sa doka cewa wanda bai zo aji a mako ba kada ya zo rawa. Akwai wani maraya da ba ya iya ɗaga kai ya amsa tambaya a aji, amma a kan kwalin nan shi ne na gaba, har sauran suna kallon ƙafarsa don su gyara tasu.

Na sha wucewa ta wurin ina jin sautin. Ina jin Turanci, na ma koyar da shi shekaru masu yawa, amma Turancin waƙar mai gudu ne, gauraye da buroka da kalmomin 'yan birni, kunnena bai kama komai ba sai bugun kiɗa. Ban tsaya na tambaya ba, hedimasta ma bai tambaya ba, kuma wannan sakaci namu ne mu biyu kafin ya zama na kowa, domin mu ne iyaye suka damƙa wa amanar 'ya'yansu.

Ranar da asiri ya tonu

Baffan ɗaya daga cikin yaran direba ne, yana ɗaukar kaya daga kasuwar Dawanau zuwa Legas, ya kuma shekara da shekaru yana cuɗanya da mutanen tasha, don haka buroka ba ta ɓuyar masa. Ya dawo daga tafiya, yana zaune a zaure bayan magariba, sai ɗan wansa mai shekara 9 ya fito da kwanon tuwo zai ajiye masa, yana tafe yana rera amshin waƙar da murya ƙasa-ƙasa, har yana haɗawa da wani motsi na hannu da ƙugu. Baffan ya ce, "Kai, zo nan. Wa ya koya maka wannan?" Yaron ya amsa da fara'arsa, "Ta rawarmu ce, Baffa, ita za mu yi ranar biki." Baffan ya sa shi ya maimaita, ya maimaita tiryan-tiryan ba tare da ya san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Mahaifiyar yaron ta leƙo tana tambayar ko lafiya, baffan ya kasa gaya mata, sai da ya jira wansa ya dawo daga sallar isha'i ya ja shi ƙofar gida. Abin da ya ce masa, kamar yadda uban ya maimaita mana, shi ne: "Yaya, abin da yaron nan yake faɗa, ko a tasha ba a faɗarsa idan akwai babba a kusa."

Ba zan kawo kalmomin a nan ba. Ya isa in ce amshin yana siffanta sassan jikin mace da abin da mawaƙin yake cewa zai yi da ita, akwai ashar a ciki, sannan wani ɗango yana yabon shan maganin tari mai kodin don a bugu. Wannan na ƙarshen ya ƙara tunzura mutane, domin babu wanda ya manta irin ɓarnar da kodin ya yi wa samari da matan aure a Kano, har gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Kashegari da sassafe uban ya iso makaranta ransa a ɓace, yana cewa daga nan ofishin Hisba zai wuce. Hedimasta ya ba shi haƙuri, ya dakatar da ajin nan take, ya roƙe shi ya bari kwamiti ya zauna tukuna, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Zaman kwamiti

An zauna a ajin 'yan shida bayan la'asar. Akwai wakilin dagaci, da limamin masallacin Juma'a, da hedimasta, da iyaye maza da dama, da baffan yaron, da wata dattijuwa da ke wakiltar iyaye mata. Malamin ya shigo ya durƙusa ya gaida kowa, aka ba shi dama ya yi bayani. Bai yi gardamar cewa kalmomin suna nan ba. Ya ce shi ya tashi yana jin irin waɗannan waƙoƙi har kunnensa ya daina jin abin da ake faɗa, bugun kawai yake bi, kuma ya zaɓi wannan ne saboda saurinta ya yi daidai da ƙafar masu koyo. Ya ce yaran ba sa jin Turancin, saboda haka a ganinsa babu abin da zai shiga zuciyarsu. Ya ƙara da cewa waƙar tana cikin wayoyin samarin garin tun kafin ya zo, kuma ita rawar da irin wannan kiɗa aka san ta.

Hujjar rashin fahimta ita ce ta fi ɗaukar lokaci, domin har cikin iyaye akwai waɗanda suka ɗan karkata gare ta. Liman ne ya warware ta, ya kuma yi hakan cikin taushi. Ya ce, "Ɗana, mu nan ba baƙin hadda ba ne. Yaro yakan riƙe abu a ka shekara da shekaru kafin a fassara masa, kuma ranar da ma'anar ta zo, a shirye take tarar da mazauninta." Ya ba da misali da taken ƙasa, wanda 'yan aji ɗaya suke rerawa da Turanci kowace safiya ba tare da sun san abin da yake cewa ba, amma ba mai cewa don haka bai zauna a kansu ba. A nawa nazarin, wannan ita ce cibiyar lamarin, kuma ita ce ta bambanta ajin rawa da jin waƙa a bakin hanya. Wanda ya ji waƙa a shagon caji ya ji ta ne sau ɗaya ko biyu yana wucewa. Wanda yake ajin rawa kuwa ana maimaita masa gaɓa ɗaya sau ɗaruruwa a cikin 'yan makonni, kowace kalma an ɗaure ta da motsin hannu ko na ƙafa, har ya zamana kalmar ce take tuna masa motsin da zai yi. Babu wata hanyar cusa wa yaro magana da ta fi wannan ƙarfi, kuma da ita muke koyar da ƙidaya da baƙaƙe. Bugu da ƙari, masu tsara rawa sukan sa jiki ya kwaikwayi abin da baitin yake faɗa, shi ya sa motsin da yaron nan ya yi a zaure ya riga fassara isa wurin baffansa. Sannan akwai hatimin makaranta a kan abin. Yaro ya san cewa abin da samari suke ji a waya ba lalle ne ya zama na kirki ba, amma abin da malami ya kunna a harabar makaranta da izinin hedimasta, a wurinsa halal ne, shi ya sa ya rera shi a gaban baffansa ba tare da ɗar ba. Kuma rashin fahimtar ba mai ɗorewa ba ne, tunda ba a rasa wani yayan aboki da zai fassara masa a bayan gari, ya haɗa da dariya.

Uban yaron ya yi tambayar da ta dace, ya ce shin duk ƙasar nan babu mai tace waɗannan abubuwa ne? Amsar ita ce akwai, amma babu wanda hannunsa ya kai gindin darbejiyarmu. A Amurka, inda wannan kiɗa ya fito, tun a 1985 wata ƙungiyar iyaye ta matsa wa kamfanonin waƙa lamba, har majalisar dattawan ƙasar ta yi zaman sauraron ra'ayi a kai, daga baya a 1990 aka tsayar da tambari baƙi da fari na gargaɗin iyaye da ake liƙawa a jikin faifai. Kamfanin da ya fitar da waƙar ne yake sa shi bisa raɗin kansa. A manhajojin sauraron waƙa na intanet irin su Spotify, harafin E ake sakawa kusa da sunan waƙar da ke da batsa. A Najeriya akwai hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, tana hana gidajen rediyo da talabijin sa wasu waƙoƙi, a Kano kuma akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001. Sai dai waƙa ba ta waɗannan ƙofofi take shigowa ƙauye ba. A memori take zuwa, daga wurin masu turi a kasuwa, ko daga waya zuwa waya ta Xender, kuma kafin ta iso an tuɓe mata tambari da harafi, wani lokaci har sunanta ya ɓace. Mai tacewa na ƙarshe shi ne wanda yatsarsa take kan wayar.

A kan batun cewa da irin wannan kiɗa aka san rawar, malamin da kansa ne ya kawo abin da ya rushe hujjarsa, alhali yana ƙoƙarin nuna mana cewa rawar ba ta 'yan iska ba ce. Ya ba mu tarihi cewa a 1973, a unguwar Bronx ta birnin Niyok, wani matashi ɗan asalin Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi yake yin shiru a bar ganguna su kaɗai. Sai ya riƙa sa faifai biyu iri ɗaya a kan na'urori biyu, idan gaɓar ta ƙare a wannan ya koma wancan, don ya tsawaita ta. Wannan gaɓa ita ake kira birek, daga ita kuma rawar ta samo sunanta na birekdans. Ya ce rawar ta bunƙasa har an yi gasarta a wasannin Olamfik na 2024 a birnin Faris. Hedimasta ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Malam, ashe ke nan asalin rawar a wurin da babu magana aka haife ta. To, me ya kawo maganar cikin ajinmu?" Malamin ya yi shiru, ya sunkuyar da kai.

Duk da haka zaman bai tafi a kan layi ɗaya ba. Wasu iyaye biyu sun tsaya a kan cewa kiɗa gaba ɗayansa bai kamata ya shigo makaranta ba, da batsa ko babu. Liman ya ce malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma ba wannan kwamiti ne zai raba gardamar ba, amma a kan alfasha babu saɓani, domin ya zo a hadisi cewa mumini ba mai alfasha ba ne, ba kuma mai batsa ba. Ya ce wanda zuciyarsa ba ta natsu da kiɗan ba yana da haƙƙin cire ɗansa, ba tare da an zarge shi ba.

Dattijuwar da ke wakiltar mata ita ce ta faɗi abin da mazan suka kauce wa. Ta ce kada a yi kamar batsa daga Turai ta zo mana. Ta ce ta yi wayo ta tarar da 'yan gambara suna cin kasuwa da maganar da ba ta faɗuwa, kuma a wasu waƙoƙin da mata suke yi a cikin gida ranar biki akwai abin da ba a so namiji ya ji. Bambancin, in ji ta, shi ne kowane abu yana da wurinsa da lokacinsa, kuma idan aka fara, yaro ake kora. Na yara kuwa gaɗa ce a dandali da farin wata, da langa da sauran wasannin maza. Yanzu dandali ya mutu, waya kuma ba ta korar yaro. Ta roƙi kada a kashe ajin, domin a cewarta idan aka hana yaran nan tsalle a inda ido yake ganinsu, za su je su yi shi a inda ba a gani. Na ga hikima a maganarta, har da yadda 'yan jarida suke kiran wannan salon waƙa gambarar zamani. Idan gambara ce, to mun san dokar gambara tun kakanni, ba a kai ta makaranta yadda take.

Kafin a tashi, hedimasta ya nemi abu ɗaya. Ya miƙa wa malamin takarda da biro, ya ce ya rubuta baitocin da yaran suke rawa a kansu, ya fassara su da Hausa, ya karanta wa kwamiti. Malamin ya zauna a kan bencin yara ya rubuta, muna jiransa, ba a jin komai sai ƙarar biro. Da ya gama ya miƙe, ya dubi takardar, ya dubi dattijuwar nan da ta yi jika da shi, ya buɗe baki ya rufe. Sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba zan iya ba. Ku yafe mini." Idanunsa sun kawo ruwa. Uban yaron, wanda ya zo da niyyar a kai magana gaba, shi ne ya fara cewa ya yafe.

Daga wannan aka samo ƙa'idar da na rubuta a littafin kwamiti: duk waƙar da za a sa wa yara a makarantar, da kowane harshe take, sai malami ya rubuta ta dukanta, ya fassara, ya karanta a gaban hedimasta da wakilin iyaye maza da wakiliyar iyaye mata, kuma haka motsin rawar sai sun gani kafin a koyar.

Gyaran da bai zo da sauƙi ba

Mun ɗauka an gama, ashe da sauran aiki. Malamin ya fara kawo abin da ake kira tsaftataccen kwafi na waƙar, wato wanda kamfani yake shiryawa don gidajen rediyo, inda ake shafe munanan kalmomi a bar gurbinsu babu murya, ko a juya su baibai. Da ya fassara mana shi sai muka ga an cire ashar, amma zancen yana nan yadda yake, mace ake siffantawa, maye ake yabo. Shafe kalma huɗu ba ya sauya abin da waƙa take nufi. Sai aka koma kiɗan waƙar zalla, babu murya ko kaɗan, kwamiti ya amince a gwada. Ina tsaye a wurin ranar da aka gwada. Kiɗan yana isowa daidai amshi, yaran suka ɗauka gaba ɗaya da bakinsu, suka cike gurbin mawaƙin ba tare da kowa ya umarce su ba, domin da kalmomin suke ƙidaya takunsu. Malamin ya kashe sifikar da sauri. A ranar na tabbatar da maganar liman da idona, kuma dole aka jefar da wannan kiɗa da duk rawar da aka ɗora a kansa, aikin makonni ya tafi.

An sake sabon shiri da kiɗan da ba a taɓa ɗora wa waƙa ba, kuma malamin ya koma ƙidaya da baki da tafi, yadda yaran za su jingina takunsu da lamba. Wakilin dagaci ya ba da shawarar a gayyato wani makaɗin kalangu na garin ya riƙa zuwa. Wannan ma sai da aka yi muhawara, domin wasu suna ganin shigo da maroƙi makaranta wata ƙofa ce, ga kuma batun abin da za a riƙa ba shi. Dattijuwar nan ta ja kunne cewa kalangu ma magana yake yi, kuma babba yana jin abin da yake faɗa, saboda haka a gaya wa makaɗin ya bar taken 'yan mata da na zambo a gida. An gaya masa, ya kuma kiyaye. Zuwansa ya zo da wani amfani da ba mu zata ba, wato yana iya rage sauri idan ya ga ƙafar yara ta rikice, ya ƙara idan sun daidaita, abin da sifika ba ta yi. Amma ba duk yaran ne suka so ba. Manya uku daga cikinsu sun daina zuwa, suna cewa an mayar da abin na ƙauye. Iyaye huɗu kuma ba su mayar da 'ya'yansu ba sam, cikinsu har da uban da ya ce ya yafe, wanda ya gaya mini cewa yafiya daban, sake miƙa amana daban. Ban ga laifinsa ba.

Akwai kuma aikin da ya fi wuya, wato abin da za a gaya wa yaran. Wasu sun so a yi shiru kawai a sauya kiɗa. Hedimasta ya ƙi, ya ce yaron da aka hana abu ba a gaya masa dalili ba, zai je neman dalilin a wurin da bai kamata ba. Malamin ne ya tara su da kansa, ya ce musu a cikin waccan waƙa akwai zagi da maganar raina mata, irin wadda ba za su so a yi wa iyayensu mata ko 'yan'uwansu ba, kuma kuskurensa ne da ya sa musu ita bai tsaya ya saurara ba. Bai fassara musu ba, bai kuma yi musu ƙarya ba. Ina ganin wannan tsayuwa da ya yi a gaban yara ya amsa laifinsa ta fi duk abin da muka rubuta a littafi.

Yara 11 ne suka yi wasa ranar bikin, rabi da kiɗan sifika, rabi da kalangu. Marayan nan ya tsaya a kan hannu ɗaya har aka yi masa tafi, kakarsa tana daga cikin rumfar mata tana share hawaye da bakin mayafi.

Hujjar malamin cewa waƙar tana cikin wayoyin gari ba ƙarya ba ce, kuma har yau ba mu da maganinta. Bayan bikin na ji ta da kunnena a shagon caji, yara suna tsaye a bakin ƙofa. Abin da kwamiti yake da iko a kansa shi ne harabar makaranta da sunan makaranta, a nan muka tsaya. Malamin ya gama shekararsa ya koma gida, an yi masa rakiya har bakin titi, kuma malamin da ya karɓi darasin motsa jiki bai iya rawar ba, saboda haka yaran da kansu suke taruwa ranar Alhamis, babbansu yana ƙidaya musu, wani malami yana zaune a gefe. Takardar da aka kasa karantawa tana cikin fayil ɗina a ninke, ban sake buɗe ta ba. A zamanmu na baya-bayan nan, dattijuwar ta tayar da wata magana, ta ce filin makarantar nan da muka tsare da rana, shi ake ara wa masu biki su kafa manyan sifiku da dare, kuma yaran da muka sauya wa kiɗa su ne a sahun gaba. Wakilin dagaci ya ce wannan ta fi ƙarfin kwamiti, sai an kai ta gaban dagaci, kuma an ɗora mini rubuta takardar.